Riƙon da Aka Ba Tasalla

A wani daji da ke bayan wani busasshen rafi, akwai wata tsamiya da ta tsufa har ta yi kogo. Ƙananan halittu ne suka cika ta tun daga saiwa har ƙololuwa, kuma a cikin kogon nan majalisarsu take zama. Shugabar majalisar ita ce Magajiya Hawainiya, wadda ba a taɓa ganin ta yi gaggawa a kan komai ba sai a kan abinci. Wazirinta Buzuzu ne, masanin al'ada, mai mirgina magana yadda yake mirgina kashin shanu har ta yi girman da ba mai iya ɗaga ta. Cinnaku kuwa su ne dogarai.

A reshen gabas akwai gidan tsutsotsi masu saƙa. Bayin Allah ne, ba ruwansu da kowa. Su ci ganye su yi girma, in fata ta matse su su yi saɓa su yar da tsohuwar, su ci gaba da ci. In lokaci ya yi, kowace ta saƙa wa kanta ɗakin zare ta kulle, bayan an kwana biyu ta fito faɗa-wuta da fukafukanta. Iyakar burinsu a duniya ke nan. Abin da ya cuce su shi ne kunya, irin kunyar da za a taka mutum shi ne zai ce a yi haƙuri. Cikinsu duka Tasalla ce kawai bakinta bai mutu ba, shi ya sa ake ce mata marar kunya.

Wata safiya Tasalla na cikin cin ganye sai ta ji sallama a kanta. Gwamma ce, wata ƙuda mai launin toka da jajayen idanu, jikinta duk gashi tsaye. Ba irin ƙudajen juji ba ce. Ba ta sauka a kan ƙazanta, ruwan fure kawai take sha, don haka duk tsamiyar ake yi mata kallon mai tsabta, 'yar manyan gida.

"Tasalla 'yata, ina kwana? Kai, tubarkalla, kin yi ɓul-ɓul abinki," in ji Gwamma, tana murza hannuwa.

Kafin Tasalla ta haɗiye abin da ke bakinta ta amsa, sai ta ji wani abu mai sanyi ya manne mata a ƙeya, daidai inda bakinta ba ya kaiwa. Ƙwai ne, ɗan fari, kamar ƙwayar gero.

"Na ba ki riƙo," in ji Gwamma. "Ɗana ne, amana ce tsakanina da ke. Ni kin san yawo ya yi mini yawa, ba ni da tsayayyen gida. Allah ya ba ki ladan zumunci."

Ta tashi ta yi gaba, ko waiwaye babu.

To, a al'adar tsamiyar nan, ɗan riƙo ba a mayar da shi, ba a kuma tambayar abin da zai ci. Wanda ya yar da ɗan riƙo ya jawo wa gidansu abin kunyar da ba ya wankuwa. Al'ada ce mai kyau, marayu da yawa sun rayu a inuwarta. Gwamma ta san haka sarai, shi ya sa da sunan riƙo take zuwa.

Tasalla kuwa ta san ƙarshen wannan riƙo. Yayarta Dela an ba ta irinsa. Ƙwan ya fashe, ɗan da ke ciki ya huda fatarta ya shige. Dela ta yi ta ci ba ƙoshi, tana ramewa ana ce mata nauyin goyo ne. Ta saƙa ɗakinta da ƙyar ta kulle. Ranar da aka taru ana jiran fitowarta da guɗa, ƙuda ne ya fito, ya karkaɗe fukafukai ya tashi. Tasalla ta leƙa ɗakin, ba ta tarar da komai ba sai busasshiyar fatar yayarta. Mutanen gida suka ce kwananta ne ya ƙare, aka rufe maganar.

Inna Tabawa, babbar gidan, ta ja ta bayan wani ganye tana raɗa.

"Ke Tasalla, kin yi sa'a. Dubi yadda fatarki ta matse, saɓarki ta kusa, ƙwan kuma bai fashe ba. Ki zauna nan ki ci ki ƙoshi, fatar ta tsage ta faɗi da ƙwan a jikinta. In an tambaya mu ce iska ce. Ki rufa mana asiri, ki rufa wa kanki."

"Inna, ni na tsira, to ƙannena fa? Jiya-jiya suka yi saɓa, fatarsu sabuwa ce. In ta ba su riƙo gobe wace iska ce za ta ɗauke musu? Dela ta yi shiru, kun yi shiru, har yaushe? Wallahi sai na kai ƙwan nan gaban Magajiya kowa ya gani da idonsa."

"Majalisa ba wurin irinmu ba ce, 'yar nan."

"In ba wurin wanda ake ci da rai ba ce, wurin wa ce?"

Kuskuren Tasalla ke nan, kuma kuskure ne na masu gaskiya. Ta ɗauka manya ba su sani ba ne, da zarar an faɗa musu shi ke nan.

Ta kama hanya ta gangara har kogo. Aka aika aka kira Gwamma, ta zo a kan kari, ta gaida kowa da sunansa, ta sami wuri ta zauna can nesa kaɗan da inda harshen Magajiya zai iya kaiwa. Sirrin da kowa ya sani ba mai faɗa shi ne, ƙudaje su ne abincin Magajiya. Tun da take sarauta ba a taɓa jin ta yi ƙorafin yawansu ba.

Tasalla ta faɗi ta yi gaisuwa, ta juya ƙeyarta ga majalisa.

"Ranki ya daɗe, ga abin da ya kawo ni. Wannan da kuke gani ba ɗan riƙo ba ne, ajalina ne aka manna mini. In ya fashe zai shiga cikina. Zai fara da kitsena, ya bar zuciyata sai ƙarshe, don kada in mutu kafin ya ƙoshi. Ni zan ci masa ganye, ni zan saƙa masa ɗaki, shi zai fito da fukafukai. Haka aka yi wa yayata Dela, haka aka yi wa wasu da yawa a reshenmu. Ban zo neman diyya ba. Roƙona ɗaya ne, majalisa ta buɗe baki ta ce wannan ba riƙo ba ne, don duk wadda aka manna wa ta sami damar yar da shi ba tare da an ce ta ci amana ba."

Magajiya ta juya ido ɗaya ta dubi Tasalla, ɗayan kuma yana kan Gwamma, ko da yake ba kallon shari'a yake yi mata ba.

Gwamma ta miƙe, ta goge fuska da hannuwa kamar mai share hawaye.

"Ranki ya daɗe, yau na ga sakayyar alheri. Duk faɗin tsamiyar nan ban ga wadda na amince wa da ɗana ba sai yarinyar nan. Ban kai shi gidan kiyashi ba, ban kai shi gidan gara ba, na ce a gidan mutunci zai tashi. Yanzu ita ce ta tsaya gaban manya tana kirana mai kisa. Ɗan riƙo dai a gidan mariƙiyarsa yake kwana, abincin gidan yake ci, ko an sake al'ada ne ban ji ba? Tsutsa kuwa ba ta da rumbu, ba ta da ɗaki, gidanta jikinta. To ina take so yaron ya zauna? Maganar Dela kuma, Allah ya jiƙanta, a ɗaki a kulle abin ya faru. Wa ya gani? Ni dai ban shiga ba."

Aka yi ta gyaɗa kai. Maganar banza ce, amma an faɗe ta a natse cikin ladabi, majalisa kuwa ta fi jin ladabi a kan gaskiya.

Waziri Buzuzu ya gyara murya.

"Magana ta yi nauyi, ba ta gaggawa ba ce. Abin da ke gabanmu shi ne ma'anar riƙo. Shin abin da aka ɗora a ƙeya riƙo ne ko goyo? In goyo ne, da zane ake yi, nan kuwa ban ga zane ba. In riƙo ne, riƙo da hannu ake yi, tsutsa kuwa ƙafafu gare ta. Wannan sai dattijo Dodon-koɗi, shi ya ga jiya ya ga yau. A aika gindin bishiya a taho da shi. Kafin ya iso, kowa ya tsaya inda yake. Ƙwan nan shi ne shaida, kada a taɓa shi. Saboda haka majalisa ta hana mai ƙara yin saɓa har sai an yanke hukunci. In ta yi, ta ɓatar da shaida, ta kuma yar da ɗan riƙo, kuma gidansu duka za a kore su daga bishiya."

Tasalla ta yi zumbur ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ƙwan ba zai jira Dodon-koɗi ba!"

"Yarinya, majalisa ba da ƙwai take magana ba, da ke take yi," in ji Buzuzu.

"To ita fa? An hana ta ba da riƙo kafin hukunci?"

"Ba a hana mutum abin da ba a tabbatar laifi ne ba. Kuma ki rage murya, nan ba reshenku ba ne."

Magajiya ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta daɗe tana tunanin inda za ta ajiye ta, sa'an nan ta ce a tashi.

Aka haɗa Tasalla da cinnaku biyu suka raka ta gida, suka zauna suna gadin fatarta. Duk dajin nan tsamiyar ce kaɗai ke da ɗanyen ganye a lokacin, kora daga cikinta mutuwa ce ga gidan gaba ɗaya. Inna Tabawa ta dube ta ta sunkuyar da kai, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Tsutsa ba ta da ikon hana fatarta tsagewa in tana ci. Don haka Tasalla ta daina ci. Ga ganye shar a gabanta, ƙamshinsa na dukan hancinta, ta kame bakinta. Fatar ta yi ta ƙaiƙayi, tana ja, tana neman rabuwa da ita, ita kuwa tana ƙanƙame jiki tana riƙe abin da zai kashe ta. Tsirarta na nan a jikinta, miƙa ɗaya za ta yi ta huta, doka ta ce a'a. Tana nan kwance tana kallo Gwamma ta dawo reshen da sallamarta da murza hannuwanta, ta ba ƙannen Tasalla riƙo ɗaya bayan ɗaya. Cinnakun nan har matsa mata suke yi ta wuce.

Ɗan aiken da aka tura gindin bishiya ya dawo da labarin cewa Dodon-koɗi ya shige koɗinsa ya liƙe ƙofa, ba zai fito ba sai ruwa ya sauka. Majalisa ta ce ba laifi, dattijo ba a tashinsa daga barci.

Da hantsi wata rana Tasalla ta ji wani ɗan tsini a ƙeyarta, kamar an soka mata ƙaya. Bai ma yi zafi sosai ba. Ta yi shiru tana sauraren jikinta, sai ta ji motsi a inda ba ta taɓa jin motsi ba. Ba ta yi kuka ba. Baƙin cikin da ya taso mata ya fi ƙarfin kuka, ta miƙe kawai ta nufi kogo, cinnaku na biye da ita.

Buzuzu ya zagaya bayanta ya duba, ya ƙwanƙwasa abin da ke ƙeyarta.

"Ranki ya daɗe, wannan ai ɓawo ne," ya ce wa Magajiya. "A kan ƙwai aka shigar da ƙara, ƙwai kuwa babu shi. Ƙarar da abin da aka yi ta a kansa ya gushe, ita ma tana neman gushewa. Sai dai in mai ƙara za ta kawo shaida a kan abin da take cewa yana cikinta, shaidar gani da ido. Amma akwai albishir. Tunda babu sauran abin da za a ɓatar, majalisa ta ɗage hanin da ta yi. Yarinya, kina iya yin saɓarki yanzu."

Wallahi da a ce mugunta ce tsagwaronta da ta fi sauƙin haɗiya. Buzuzu da zuciya ɗaya ya faɗa, har yana jiran godiya.

Tasalla ba ta durƙusa ba wannan karon. Ta ɗaga rabin jikinta sama.

"In yi saɓa? Yanzu? Allah ya isa tsakanina da ku! Na zo muku da raina a hannuna, miƙa ɗaya ta rage in tsira, kuka ce in tsaya. Na tsaya. Na hana kaina ci, na riƙe fatata kamar mai riƙe da dukiya, don na ɗauka majalisa uwa ce. Ita da ke kisa ba ku ce ta tsaya ba, ni da ake kashewa ni kuka sa wa dogarai. Kai Waziri, ka san ma'anar riƙo sarai, a gidan riƙo ka tashi, wa ka cinye? Ke kuma Magajiya, idanunki biyu kowanne da inda yake kallo, amma an rasa wanda zai kalli reshen gabas. Ba rashin sani ne ya dame ku ba. Kowa a kogon nan ya san abin da ke fitowa daga ɗakunanmu, kowa kuma ya san cikin wa yake ƙarewa. Kun ce a ɗaki a kulle aka ci Dela, ba wanda ya gani. To ni a nan zan saƙa nawa, a bakin ƙofarku, shara-shara, yadda ko makaho sai ya ga abin da ake yi da ni. In ya so ku sake aikawa a tambayo muku ma'anar gani."

Majalisa ta ruɗe da salati. Ba abin da ta faɗa ne ya dame su ba, yadda ta faɗa ne. Aka yi ta cewa yaran yanzu ba tarbiyya. Gwamma ta ce ita ta yafe, ai ƙuruciya ce.

Tasalla ta koma reshe sau ɗaya tak. Ta tara ƙannenta, waɗanda aka manna wa da waɗanda ba a kai gare su ba tukuna, ta ce musu duk wadda fatarta ta matse ta yi saɓa a take, kada ta nemi izinin kowa, kada ta kai ƙara ko'ina. Wasu suka ji. Wasu suka ce ina, abin kunya ne. Daga nan ta ci ganye, ta ci, ta ci, ba don tana so ba sai don wanda ke cikinta yana so, kuma zare ba ya samuwa da yunwa.

Ta dawo bakin kogo ta fara saƙa. Gidansu an san su da saƙa mai kauri wadda ko ruwa ba ya ratsawa, amma ita ta ja zaren a warwatse, tana barin tagogi. Ƙarfinta na ƙarewa, motsin cikinta na ƙaruwa, tana jin yadda ake rage ta kaɗan-kaɗan. Abin da ya riƙe ta shi ne tunani ɗaya, cewa wannan karon ba mai cewa bai gani ba. Da ta ɗaura zaren ƙarshe ta kwanta, masu wucewa suka fara tsayawa. Kiyashi suka ajiye kayansu, gyare ya yi shiru. Ana hango fatarta tana motsi ba da ikonta ba.

Majalisa ta yi zaman gaggawa, irin wanda ba a taɓa yi ba tun da aka kafa ta. Buzuzu ya ce wannan tsiraici ne, mace ta kwanta a bainar jama'a a ɗakin da ba sutura, ga yara na wucewa. Ya ce ko ba komai 'yar gidan mutunci ce, haƙƙin majalisa ne ta suturta ta. Nan take ba a nemi Dodon-koɗi ba, aka sa cinnaku suka jawo wani faffaɗan ganye suka lulluɓe ɗakin ruf. Abu na ƙarshe da Tasalla ta gani a duniya shi ne hasken nan yana raguwa.

Ruwa ya sauka, Dodon-koɗi ya kama hanya, har ya iso. Aka cika kogo don sauraren hukunci. Ana cikin gaishe-gaishe sai ganyen bakin ƙofa ya motsa, wata ƙuda ta fito daga ƙarƙashinsa, mai launin toka da jajayen idanu, fukafukanta ko bushewa ba su yi ba. Inna Tabawa, da ke can baya, ta rufe fuska.

Dodon-koɗi ya fiddo ƙahonninsa ya duba.

"Wannan ɗakin wa ya shiga?"

"Tasalla, mai ƙara," in ji Buzuzu.

"Wani ya ga ta fita ta wata ƙofa?"

"Babu."

"To ai al'ada a fili take. Tsutsa tana shiga da rarrafe ta fito da fukafukai, ba a kuma taɓa cewa don kamanninta sun sake ta zama wata ba. Wadda ta shiga ita ce ta fito. Tasalla, barka da fitowa."

Ƙudar ta murza hannuwa, ta faɗi ta yi gaisuwa can nesa kaɗan da Magajiya, ba wanda ya koya mata.

"Me kika ce game da ƙararki?" in ji Buzuzu.

"Ranka ya daɗe, na janye. Ƙuruciya ce ta sa ni. Riƙo alheri ne, ni shaida ce."

Kogo ya ɗauki kabbara da sa albarka. Aka ce dubi yadda ta natsu tun da ta yi fukafukai. Magajiya da kanta ta ce hankali irin wannan bai kamata a bar shi a reshe ba, kuma daman an daɗe ana cewa reshen gabas ba shi da murya a majalisa. A zaman nan aka naɗa ta.

Har yau ita ce ke magana da yawun tsutsotsi a kogon tsamiya, kuma kowa ya shaida ba su taɓa samun wakiliyar da ta san cikinsu kamarta ba.